Gasar Ƙera Kumbo: Yadda Ake Renon Injiniyoyi Da Gwangwanin Lemo

A cikin watan Mayun 2019 wani ɗan akwati da bai fi a ɗora shi a tafin hannu ba ya rikito daga falakinsa, ya shigo cikin iskar da ta lulluɓe duniyarmu, ya ƙone ƙurmus tun bai kusanci ƙasa ba. Sunansa Nigeria EduSat-1, tauraron ɗan'adam da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta sa hannu wajen ƙerawa tare da hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wato NASRDA. Tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa santimita 10 ne kowanne, nauyinsa kuwa kimanin kilo ɗaya. Bai cika shekara biyu yana kewaya duniya ba, kuma waɗanda suka haɗa shi sun san haka ƙarshensa zai kasance tun ranar da suka ɗaura masa kusar farko.

Mai karatu yana da damar tambaya: mene ne amfanin ɓata kuɗi da lokaci a kan abin da aka san zai zama toka? Amsar tana cikin wata al'ada da ƙasashen da suka yi nisa a harkar sararin samaniya suka daɗe da runguma, wato buɗe wa jama'a, musamman ɗalibai, ƙofar shiga aikin ta hanyar gasa. A ganina, babbar ribar irin wannan gasa ita ce mutanen da take fitarwa, domin na'ura tana ƙonewa ko ta lalace, amma wanda ya ƙera ta yana nan da iliminsa shekara talatin ko arba'in yana yi wa ƙasarsa aiki. Sai dai gasa iri-iri ce, kuma ya kamata mu rarrabe su kafin mu san wadda ta dace da mu.

Yara masu raɗa wa kumbo suna

Nau'in da ya fi shahara shi ne gasar raɗa suna, kuma hukumar NASA ta Amurka ce ta fi ƙwarewa a kanta. Asalin abin ya girmi NASA ɗin kanta. A 1930, da aka gano wata sabuwar duniya can a gefen falakin rana, wata yarinya 'yar shekara 11 a birnin Oxford na Ingila mai suna Venetia Burney ce ta ba da shawarar a kira ta Fuluto, masana kuma suka amince. Bayan shekaru da dama, lokacin da Amurka ta ƙera sabon kumbo domin maye gurbin Challenger da ya tarwatse a 1986, ɗaliban makarantu aka bai wa damar zaɓar suna, suka zaɓi Endeavour, wanda ya fara tashi a 1992.

Daga nan abin ya zama ɗabi'a ga kowace motar bincike da NASA ta aika duniyar Mas. Sojourner, wadda ta sauka a Yulin 1997, wata yarinya 'yar shekara 12 ce ta sa mata sunan Sojourner Truth, baƙar fatar da ta yi gwagwarmayar yaƙi da bauta a Amurka. Tagwayen motocin nan Spirit da Opportunity da suka sauka a Janairun 2004, wata 'yar shekara 9 ce ta raɗa musu suna, yarinyar da aka ɗauko daga gidan marayu a Rasha aka kai ta Amurka. Curiosity, wadda ta sauka a Agustan 2012, ita ma 'yar shekara 12 ce ta sa mata suna. Da aka zo kan Perseverance a 2020, ɗalibai kimanin 28,000 ne suka aiko da rubutunsu.

Ko shakka babu wannan dabara ce mai kyau ta jawo hankalin al'umma. Yaron da ya zauna ya rubuta shafi guda yana kare sunan da ya zaɓa, dole ya karanta wani abu game da duniyar Mas, iyayensa ma su ji labari, malaminsa ya kawo zancen cikin aji. Hukumar da ke cin kuɗin haraji tana bukatar jama'a su ji cewa aikin nasu ne. Amma kada mu yaudari kanmu. Motar da ta ci kimanin dala biliyan 2.5, kamar Curiosity, ƙwararrun injiniyoyi ne suka tsara ta daga farko har ƙarshe, babu kusa ɗaya a jikinta da gasa ta zaɓa. Raɗa suna sallama ce a bakin zaure. Mai son koyon sana'a sai ya shiga cikin maƙera.

Gasar masu hannu da shuni

Nau'i na biyu shi ne a ajiye maƙudan kuɗi a ce duk wanda ya cika wani sharaɗi ya ɗauka. Tsohuwar dabara ce: kyautar dala 25,000 ce ta sa Charles Lindbergh ya tuƙa jirgi shi kaɗai daga New York zuwa Faris ba tare da ya ya da zango ba a 1927. A 1996 aka sanar da wata kyauta makamanciyarta ta dala miliyan 10, wadda daga baya aka sa mata sunan iyalan Ansari da suka ɗauki nauyinta, ga duk ƙungiyar da ba ta gwamnati ba da za ta ƙera kumbo mai ɗaukar mutum uku, ya kai nisan kilomita 100 a sama sau biyu cikin mako biyu. Ranar 4 ga Oktoban 2004 kumbon SpaceShipOne, wanda Burt Rutan ya tsara, attajiri Paul Allen kuma ya biya kuɗinsa, ya cinye gasar. Wani abin lura shi ne kuɗin da aka kashe wajen ƙera shi ya haura dala miliyan 20, wato ya ninka kyautar.

Gasar da ta biyo baya ta fi koyar da darasi. A 2007 kamfanin Google ya ɗauki nauyin kyautar da babban kasonta ya kai dala miliyan 20 ga wanda zai sauke na'ura a duniyar wata, ta yi tafiyar mita 500, ta aiko da hotuna. An yi ta ɗage wa'adi har aka rufe gasar a 2018 babu wanda ya ci. Duk da haka wasu daga cikin ƙungiyoyin ba su watse ba. Ta Isra'ila ta harba kumbonta Beresheet, ya faɗi a kan wata a Afrilun 2019; kamfanin ispace na Jafan, wanda shi ma daga gasar ya samo asali, ya gwada a Afrilun 2023, nasa ma ya faɗi. Kyautar ta tafi, ƙwararrun da ta tara suna nan. Sai dai wannan fage ne na attajirai da manyan kamfanoni, ɗalibin jami'a ba shi da abin da zai shiga da shi.

Gwangwanin lemo da ɗan akwati

Nau'i na uku shi ne wanda ya fi dacewa mu zura wa ido, domin a cikinsa ne ɗalibi ke riƙe abin aiki da hannunsa. A 1998 wani malamin Jami'ar Stanford mai suna Bob Twiggs ya kawo shawara a wani taron jami'o'in Amurka da Jafan da aka yi a Hawaii, cewa a sa ɗalibai su cusa duk muhimman sassan tauraron ɗan'adam a cikin gwangwanin lemo. Aka kira abin CanSat. Shekara ɗaya bayan haka aka fara harba irin waɗannan gwangwanaye da ƙananan rokoki a hamadar Black Rock da ke jihar Nevada. Gwangwanin ba ya zuwa sararin samaniya. Ana kai shi sama ne a sake shi, ya sauko da 'yar laima yana aune-aune yana turo sakamako ta rediyo.

Hukumar sararin samaniya ta Turai, ESA, ta shirya gasarta ta farko ta wannan iri a 2010 a ƙasar Norway, domin 'yan makarantar sakandare. Dubi ƙa'idojin da ta gindaya. Tsayin na'urar kada ya wuce milimita 115, faɗinta milimita 66. Nauyi tsakanin giram 300 da 350. Kuɗin kayan da aka haɗa ta da su kada ya haura yuro 500. Za a sake ta daga nisan kimanin kilomita ɗaya, kuma wajibi ne ta auna zafin iska da matsinta, ta riƙa turo sakamakon aƙalla sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Bayan wannan, kowace ƙungiya ta zaɓi aiki na biyu da take so na'urarta ta yi.

A nan gizo ke saƙar. Ɗalibin da aka ce masa giram 350 ne iyakarsa, idan ya so ƙara girman batir domin rediyonsa ya yi ƙarfi, dole ya rage wani abu. Idan ya faɗaɗa laima, iska ta kwashe gwangwanin ta kai shi inda ba za a gan shi ba. Idan ya ƙanƙanta ta, ya faɗo ya tarwatse. Mai rubuta umarnin kwamfuta dole ya saurari mai haɗa wayoyi, shi kuma ya saurari mai ƙera gangar jiki, dukkansu kuma su saurari mai riƙe da lissafin kuɗi. Ranar harbawa ba ta ɗaguwa saboda wani bai shirya ba. Wannan shi ne ainihin aikin injiniya, kuma babu allo ko littafin da zai koyar da shi yadda faɗuwar gwangwani ɗaya za ta koyar.

Shi dai wannan Twiggs, tare da Jordi Puig-Suari na jami'ar Cal Poly da ke Kalifoniya, su ne a 1999 suka fito da ma'aunin CubeSat, wato ɗan akwatin nan mai santimita 10 ta kowace fuska. Damuwarsu ita ce ɗalibi yakan kammala karatu ya tafi tauraron da ya fara bai ƙaru ba, saboda girmansa da tsadarsa. Hikimar da suka yi har da ƙera wani kwabo mai sifirin a ciki, wanda ake jera 'yan akwatunan a rufe, sai roka ta isa falaki ƙofa ta buɗe ya tunkuɗo su. Da wannan masu roka suka samu natsuwa cewa kayan ɗalibai ba za su lalata babban tauraron da aka biya miliyoyi domin ɗaukarsa ba, suka yarda su riƙa rage musu hanya.

An harba rukunin farko ranar 30 ga Yunin 2003 daga Plesetsk a arewacin Rasha, ciki har da na jami'o'in Jafan da Denmak da Kanada. Abin da aka fara a matsayin aikin aji ya zama sana'a. Ya zuwa ƙarshen 2023 an harba fiye da 2,000. A Fabrairun 2017 wata rokar Indiya ta ɗauki taurari 104 a tashi ɗaya, 88 daga cikinsu 'yan akwatunan kamfanin Planet ne mai ɗaukar hoton doron ƙasa. A Nuwamban 2018 wasu guda biyu suka raka kumbon InSight har duniyar Mas, su ne suka turo labarin saukarsa. Ƙasashe irin su Hungary da Poland da Estoniya kuwa, taurarinsu na farko a tarihi ɗaliban jami'a ne suka ƙera su a 2012 da 2013.

Akwai kuma gasar ƙera motocin bincike. Tun 1994 NASA ke tara ɗalibai a Huntsville ta jihar Alabama su yi tseren motar da suka ƙera, wadda ɗalibai biyu ke tuƙawa da ƙarfin ƙafa a kan hanya mai ramuka da duwatsu, a matsayin kwaikwayon motar da 'yan sama jannatin Apollo 15 suka shiga a kan wata a 1971. A hamadar Utah kuma, tun 2007 ƙungiyar Mars Society ke shirya gasar motocin bincike ga jami'o'i. Ɗaliban wata jami'ar fasaha da ke Bialystok a Poland sun cinye ta a 2011 da 2013 da 2014, suka doke manyan jami'o'in Amurka a gidansu.

Faɗuwa tana cikin karatun

Kada mai karatu ya ɗauka labarin duk na nasara ne. Daga cikin 'yan akwatunan da aka harba a 2003 akwai waɗanda ba a taɓa jin ɗuriyarsu ba. A Yulin 2006 wata roka ta faɗi jim kaɗan bayan tashinta daga Baikonur a Kazakistan, ta hallaka CubeSat 14, akasarinsu aikin ɗalibai na shekaru. A Indiya, 'yan mata 750 daga makarantu 75 sun sa hannu a wani tauraro mai suna AzaadiSAT domin bikin cikar ƙasar shekara 75 da samun 'yanci. An harba shi ranar 7 ga Agustan 2022, rokar ta kasa kai shi falakin da ya dace, ya salwanta. Wata shida bayan haka, a Fabrairun 2023, aka harba na biyu ya isa lafiya.

Abin koyi a nan shi ne yadda aka ɗauki faɗuwar. Ba a kafa kwamitin neman wanda za a ɗora wa laifi ba, ba a kuma soke shirin ba. An binciki abin da ya faru, aka rubuta, aka sake gwadawa. Tauraron ɗalibai yana da arha ne da gangan, domin a iya yin asararsa ba tare da gwamnati ta girgiza ba. Injiniyan da ya taɓa ganin aikinsa ya mutu saboda waya ɗaya da bai ɗaure da kyau ba, shi ne za ka iya damƙa wa na'urar miliyoyi daga baya hankalinka kwance.

Kuma idan aka yi haƙuri, aikin ɗalibai yakan kai inda ba a zata ba. Kumbon New Horizons da NASA ta harba a Janairun 2006 yana ɗauke da wata na'urar ƙidaya ƙurar sararin samaniya da ɗaliban Jami'ar Colorado suka tsara suka ƙera, wadda ita ce na'urar ɗalibai ta farko a wani kumbon NASA mai zuwa wata duniya. An sa mata sunan Venetia Burney, yarinyar nan ta 1930. Kumbon ya wuce ta gefen Fuluto ranar 14 ga Yulin 2015, a nisan kusan kilomita biliyan 5 daga nan. A tsawon tafiyar, ɗaliban da suka ƙera ta sun gama karatu sun kama aiki, na bayansu suka gaji kula da ita, suna miƙa wa juna kamar yadda ake gadon sana'a a gidan maƙera.

Rabon da ya iso Afirka

Mu dawo kan ɗan akwatinmu. Wata uku kacal bayan harba CubeSat na farko, daga wannan fili na Plesetsk aka harba NigeriaSat-1 a Satumban 2003. Kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi, kuma shi kansa kamfanin daga jami'a ya fito: wasu matasan masu bincike a Jami'ar Surrey ƙarƙashin Martin Sweeting ne suka haɗa ƙaramin tauraronsu na farko da kayan da ake samu a kasuwa, aka harba shi a 1981, sannan aka kafa kamfanin a 1985. Wato abin da muka saya da kuɗin ƙasa, jikan aikin ɗakin gwaji ne na wata jami'a. A Agustan 2011 an harba NigeriaSat-2 tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu a can Ingila a matsayin horo. Afirka ta Kudu kuwa tun a Fabrairun 1999 ta ga tashin SUNSAT, wanda ɗaliban Jami'ar Stellenbosch suka ƙera a gida.

EduSat-1 ya fito ne daga wani shiri mai suna BIRDS na Cibiyar Fasaha ta Kyushu a Jafan, wanda ke tara ɗaliban ƙasashen da ba su yi nisa a wannan fage ba, su tsara tauraro, su haɗa shi, su gwada shi, su sarrafa shi, duk a cikin shekara biyu na karatun digiri. A zagayen farko akwai Nijeriya da Gana da Mongoliya da Bangaladash da Jafan. An ɗauki taurarin biyar a rokar Falcon 9 a Yunin 2017 zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 400, aka sake su daga can a watan Yuli. Ga Gana, GhanaSat-1 na Jami'ar All Nations da ke Koforidua shi ne tauraronta na farko. Kenya ta bi sahu a Mayun 2018 da na Jami'ar Nairobi ta wani shirin Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar sararin samaniyar Jafan, sai Yuganda da Zimbabuwe a 2022 ta hanyar BIRDS.

Manufar masu shirin ita ce ɗalibin ya koma gida ya ƙera na biyu a ƙasarsa, ya koyar da wasu. Filifin ta yi hakan: bayan ɗalibanta sun halarci shirin a Jafan, an haɗa Maya-3 da Maya-4 a jami'arsu ta gida, aka sake su a falaki a 2021. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mu auna kanmu da shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma tauraron da aka haɗa a ɗakin gwajin wata ƙasa, komai kyansa, mataki ne na farko kawai.

Ina ruwan mai jin yunwa da kumbo?

Na san akwai mai cewa wannan duk zancen ƙoshi ne. Yankin da miliyoyin yara ba sa zuwa makaranta, inda jami'o'in gwamnatin tarayya suka shafe wata takwas a rufe a 2022 saboda yajin aiki, ina shi ina wasa da gwangwani a sama? Ƙorafin yana da tushe, kuma ba na cikin masu cewa a bar gina aji a sayi roka. Amma a duba abu biyu.

Na farko, amfanin tauraron ɗan'adam a ƙasa yake. NigeriaSat-1 yana cikin rukunin taurarin sa ido kan bala'o'i, ya kuma ɗauki hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. Mu da muka ga ambaliyar 2012 da ta 2022, muka ga yadda ɓallewar madatsar Alau ta shanye Maiduguri a Satumban 2024, muke kuma kallon hamada tana cin gonaki da yadda Tafkin Cadi ya ja baya, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan muhimmancin mai iya karanta hoton sama da auna yanayi. Cibiyar ƙasa ta nazarin doron ƙasa daga sama tana Jos, wata cibiyar NASRDA kuma tana Toro a jihar Bauchi. Su wa za su cika su nan da shekara ashirin?

Na biyu, yawancin yaran da suka shiga gasar CanSat ba a harkar kumbo za su ƙare ba, kuma hakan ba asara ba ce. Wanda ya iya haɗa na'urar auna zafi da rediyo da batir a cikin gwangwani, shi ne zai iya haɗa na'urar da za ta gaya wa manomin rani a Kadawa lokacin ban ruwa, ko ta sanar da mutanen gari cewa kogi ya fara cika, ko ta kula da sanyin allurar rigakafi a asibitin ƙauye. Sararin samaniya ƙugiya ce ta kamo zuciyar yaro. Ilimin da ya samu kuwa ko'ina zai yi aiki.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu rasa masu basira ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ga yara suna ƙera mota da karan dawa ko da gwangwanin madara, har da tayoyi da sitiyari. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna, ko ya tsaya wajen masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ya san akwai hannu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gadar da za ta haɗa wannan hannu da lissafin da ake koyarwa a aji. Sau da yawa ɗalibin injiniya yakan gama da kundin da aka ɗaure da baƙin bango aka ajiye a kanta, ba a taɓa jarraba abin da ke cikinsa ba. Mun kuma san gwajin da ya taɓa yin nasara: makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da jihar Kano ta kafa a 1977 sun fitar da likitoci da injiniyoyin da suke riƙe da ma'aikatu da asibitoci da dama. Wasu ne suka yanke shawara a wancan lokaci, muke cin moriyarta.

Shawarata ita ce jami'o'i da kwalejojin fasaha na Arewa, irin su Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da Jami'ar Fasaha ta Minna, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da cibiyar fasaha ta sojojin sama da ke Kaduna, su haɗa kai su tsayar da gasar CanSat guda ɗaya ta shekara-shekara, mai rukunin jami'a da na sakandare. Ba a bukatar roka; balan-balan ko jirgi maras matuƙi ya isa ya ɗaga gwangwani, muddin an nemi izinin hukumomin sufurin sama da na tsaro. Kuɗin kayan ƙungiya ashirin, bisa ma'aunin Turai, yuro 10,000 ne, abin da bai kai kuɗin motar alfarma ɗaya ba.

Amma sai an kiyaye sharuɗɗa. A buga ƙa'idoji a fili tun farkon shekara, da Turanci da Hausa. A ƙayyade kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe, domin kada ɗan mai kuɗi ya sayi nasara. Alƙalai su fito daga wajen makarantun da ke takara, kuma su yi wa kowane ɗalibi tambayoyi da baki, domin a gane wanda ya yi aikin da wanda aka yi wa. A bai wa makarantun 'yan mata gurbi tun daga zagayen farko. A yarda kowace ƙungiya ta ɗauki mai gyaran waya ko maƙeri ɗaya a matsayin cikakken ɗan ƙungiya. A ware maki mai tsoka ga rahoton da ya fi bayyana dalilin faɗuwa, a kuma adana rahotannin inda 'yan baya za su karanta. Uwa uba, a samar da kuɗin shekara biyar kafin a yi bikin buɗewa, domin mun sha ganin shirin da ya mutu ranar da mai girma babban baƙo ya yanke ƙyalle ya tafi.

Wannan aiki bai fi ƙarfin tsofaffin ɗalibai da ƙungiyoyin injiniyoyi da 'yan kasuwarmu ba, ba sai an jira Abuja ba. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Injiniyan da za mu nema a 2045 domin ya sarrafa tauraronmu ko ya hango mana ambaliya, yanzu haka yana aji biyu na ƙaramar sakandare a Gumel ko Yawuri ko Potiskum, wataƙila yana lanƙwasa waya a bayan gida ana yi masa faɗa ya bar wasa. A miƙa masa gwangwani da ƙa'ida da ranar gasa, sannan a tsaya a ga abin da zai yi da su.